Fada Kenny da Littafin Sanusi: Limamin Katolikan da Ya Yi Digiri a Kan Karatun Zaure

Da an sallame sallar asuba a Sanyinna, kafin rana ta ɗaga mutane su kama hanyar gona da kasuwa, akwai zaurukan da ake shimfiɗa buzu a buɗe littafi. Haka abin yake a Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Kebbe, haka yake a duk ƙasar Sakkwato. Masu ɗaukar karatun ba yara ba ne. Akwai tela, akwai mai sayar da hatsi, akwai malamin firamare da ke satar kallon agogo don kada ya makara. Kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya jiya. Ɗalibi ya ja Larabci gaɓa guda, malam ya mayar da Hausa, ɗalibi ya amsa, a ci gaba.

Wanda ya shiga karatun tauhidi, darasin farko da zai ci karo da shi shi ne cewa hukuncin hankali kashi uku ne: wajibi, mustahili da ja'izi. Wajibi shi ne abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, kamar a ce ɗaya rabin biyu ne. Mustahili shi ne wanda hankali ba ya karɓar samuwarsa, kamar dutse ya zama yana motsi kuma yana tsaye cik a lokaci guda. Ja'izi kuwa shi ne mai yiwuwa ta kowace fuska: hadarin da ya haɗo daga gabas zai iya zubar da ruwa, zai iya watsewa.

Idan wani ya ce wa malamin, "Allah shi gafarta Malam, ai wannan falsafa ce," da wuya ya yarda. Zai ce tauhidi yake karantarwa, daga littafin Imam Sanusi, kamar yadda ya ɗauka a wurin nasa malamin. Kalmar falsafa ba ta da farin jini a zaure. Amma an yi wani Ba'amurke limamin cocin Katolika, Fada Joseph Kenny, wanda ya fara aiki a ƙasar Sakkwato, ya ɗauki littafin wannan Sanusin ya yi digirin digirgir a kansa, sannan ya shafe shekaru yana koyar da falsafar Musulmi da ta Kirista kafaɗa da kafaɗa a Ibadan.

Daga Shikago zuwa Gusau

An haifi Kenny a birnin Shikago na Amurka a 1936. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar Dominikan, wata tsohuwar ƙungiya ta limaman Katolika masu farar riga, wadda Fafaroma ya amince da kafuwarta a 1216. Tun asali an san 'yan wannan ƙungiya da wa'azi da zurfin karatu, ba su yarda mutum ya hau mumbari ba sai ya goge a ilimi. A dokar cocin Katolika ma, duk mai son zama limami sai ya yi shekara biyu yana karatun falsafa tsantsa, kafin ya yi huɗu a ilimin addini. Dalilinsu shi ne wanda bai iya tsara hujja ba, ba zai iya kare aƙida ba.

'Yan Dominikan na lardin Shikago sun iso Najeriya a 1951, suka sauka a Yaba ta Legas. A 1953 aka damƙa musu yankin Sakkwato, wanda ya haɗa har da Katsina, suka yi mazauni a garuruwa irin su Gusau da Funtuwa da Malumfashi da Yelwa. Mabiyansu a lokacin galibi baƙi ne 'yan kudu da aikin jirgin ƙasa ko kasuwanci ya kawo, sai kuma Maguzawa a karkara. A 1964 yankin ya zama cikakken dayosis ƙarƙashin Bishop Edward Lawton, kujerar da Bishop Matthew Hassan Kukah yake kai tun 2011. A wannan shekara ta 1964 ce Kenny ya iso, bai jima da zama fada ba.

Ya zo a kan gaɓa. A Rum ana tsakiyar babban taron bishop-bishop na duniya, wanda a watan Oktoban 1965 ya fitar da sanarwar da ta yi magana a kan Musulmi da girmamawa, ta kuma nemi a bar gabar da aka gada. Cocin na bukatar mutanen da suka san Musulunci daga littattafansa, ba daga jita-jita ba. Kenny ya koyi Hausa, ya duƙufa a kan Larabci, daga nan ya wuce Jami'ar Edinbara ta Sukotlan, wurin Farfesa Montgomery Watt, wanda ya shahara da littattafansa biyu kan rayuwar Annabi (SAW) a Makka da Madina. A 1970 ya kammala. Abin da ya rubuta a kai shi ne ilimin tauhidi kamar yadda Muhammad bn Yusuf Sanusi ya tsara shi, musamman a littafinsa Aƙidatul Wusɗa.

Wane ne Sanusi?

Ba Sarkin Kano ba ne, ba kuma shehin ɗariƙar Sanusiyya ta Libiya ba ne. Malami ne na birnin Tilimsan a Aljeriya ta yau, ya rasu a 1490. Ya rubuta aƙida a matakai, kamar mai gina tsani: babba, matsakaiciya, ƙarama, da wadda ta fi ƙarama. Ƙaramar, wadda aka fi sani da Ummul Barahin, 'yan shafuka ce kawai, amma ta ratsa Sahara ta zama abin haddacewa daga Timbuktu har Borno. Daga cikinta ne sifofin Allah guda ashirin suka zama karatun kowa: samuwa, rashin farko, rashin ƙarshe, saɓa wa halitta, tsayuwa da kai, kaɗaita, iko, nufi, sani, rayuwa, ji, gani, zance, da sauransu. Fulani sun yi mata sharhi na baka da Fulatanci wanda ake kira Kabbe, har wani malami na ƙarni na 17, Muhammadul Wali, ya mayar da shi Larabci.

Malaman jihadi ma ta nan suka bi. Malam Abdullahin Gwandu, a littafin da ya lissafa malamansa da abin da ya karanta wurin kowanne, ya ambaci cewa ya ɗauki tauhidi daga littattafan Sanusi da sharhohinsu a wurin yayansa, Shehu Usmanu. Gwandu kuwa maƙwabciyar Tambuwal ce, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, malami kuma mawaƙi, ya zauna ya yi sarauta. Wannan yanki ya daɗe da sanin irin wannan karatu, ya kuma san rigimarsa. A zamanin Shehu an sami wasu ɗalibai da suka ɗauki ilimin hujjoji ya zama sanda, suna tare talaka su tambaye shi dalilin samuwar Allah, in ya kasa jero shi yadda yake a littafi su ce bai musulunta ba. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana kwaɓarsu, yana cewa imanin gama-garin mutane ingantacce ne ko da ba su iya harshen malamai ba.

Saboda haka wanda ke son fahimtar yadda Musulmin Afirka ta Yamma ke tunani game da Ubangiji, da wuya ya sami ƙofar da ta fi Sanusi.

Rijiya ɗaya, guga biyu

Abin da ya sa Kenny bai ji baƙunta a cikin littafin ba shi ne tarbiyyar da ya samu tun a gida. Babban malamin 'yan Dominikan shi ne Toma Akwinas, ɗan Italiya da ya rayu daga 1225 zuwa 1274, ya koyar a Jami'ar Faris, ya bar ƙaton littafi mai suna Summa Theologiae. A 1879 Fafaroma Leo na 13 ya umarci makarantun Katolika su mayar da koyarwarsa ginshiƙin karatun falsafa. Duk wanda ya buɗe littattafan Akwinas zai yi ta karo da sunayen Ibn Sina da Ibn Rushd da Gazali, an ɗan lanƙwasa su da lafazin Latin. Ibn Rushd ma ba ya cika kiran sunansa, sai dai ya ce "Mai Sharhi", don a wurinsa shi ne ya fi kowa warware littattafan Aristotal, wanda Larabawa ke kira Arisɗo.

Hanyar da ilimin ya bi sananniya ce. An fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa. Malaman Musulmi suka tace su, suka yi gardama da su, suka ƙara nasu. A ƙarni na 12 aka riƙa juya su daga Larabci zuwa Latin a birnin Toledo na Sifaniya, daga nan suka shiga jami'o'in Turai. Reshe ɗaya ya nufi arewa ya kai ga Akwinas. Ɗayan ya zauna a Magrib ya kai ga Sanusi, daga shi ya biyo ayarin raƙuma zuwa ƙasar Hausa.

Kamannin a fili suke. Sanusi na cewa duniya ja'iza ce, tana iya samuwa tana iya rashin samuwa, saboda haka dole akwai wanda ya zaɓa mata samuwa, shi kuwa samuwarsa wajiba ce. Akwinas ya kawo hanyoyi biyar na tabbatar da samuwar Allah, ta ukunsu a kan wannan bambanci na mai yiwuwa da wajibi ta ginu, kuma an san Ibn Sina ne ya fi kowa fayyace shi.

Inda suka rabu ya fi ban sha'awa. A kusanta auduga ga wuta, ta kama. Me ya ƙone ta? Sanusi, bisa tafarkin Ash'ariyya, zai ce wuta ba ta da tasirin komai. Allah ne ke halittar ƙuna a daidai lokacin da suka haɗu, ya mayar da hakan al'ada, in ya so ya karya ta, kamar yadda wuta ta yi sanyi ga Annabi Ibrahim. Haka wuƙa da yanka, haka tuwo da ƙoshi, haka ruwan sama da tsiron gero. Akwinas ya san wannan ra'ayi na malaman Musulmi, ya ambace shi, ya kuma ƙi shi. A ganinsa Allah ya ba wuta ƙarfin ƙonawa na gaske, kuma ba halitta irin wannan ƙarfi ya fi nuna girman Mahalicci a kan hana ta. Manomin Sanyinna da ya zuba taki, ya yi noma ya yi maimai, sannan ya ce sai abin da Allah ya yi, yana tsaye ne a tsakiyar wannan muhawara ko bai taɓa jin sunan ɗayansu ba.

Sun kuma saɓa a kan farkon duniya. Sanusi na ganin hankali kaɗai ya isa ya tabbatar da cewa duniya fararriya ce, tun da jikkuna ba sa rabuwa da motsi ko tsayuwa, su kuwa waɗannan masu zuwa ne su wuce. Akwinas ya ce a'a. Hankali na iya nuna cewa duniya na dogara ga Allah, amma cewa tana da ranar farawa, wannan sai wahayi.

Shekaru ashirin da biyu a Ibadan

Bayan ya dawo ya ƙara wasu shekaru a Arewa, Kenny ya koma Jami'ar Ibadan a 1979, sashen nazarin addinai, inda ya koyar da darussan Musulunci har 2001, ya kai matsayin farfesa. Ajinsa cakuɗe yake, Musulmi da Kirista. A gefe guda kuma yana koyarwa a cibiyar Dominikan da ke Samonda, nan cikin Ibadan, inda samari masu shirin zama limamai ke karatun falsafa. Wannan cibiya ce ta haifi Jami'ar Dominikan, wadda gwamnatin tarayya ta ba lasisi a 2016.

Irin waɗannan makarantu suna da tsari na musamman da ya kamata a fahimta. A Amurka akwai ƙananan kwalejojin Katolika da yawa, kamar Kwalejin Providence da 'yan Dominikan suka kafa a 1917, inda ɗalibi ko lissafin kuɗi ya zo karantawa ko ilimin halittu, sai ya zauna ajin falsafa. Manufarsu a fara gina mutum kafin a gina ma'aikaci. Tsarin ya samo asali ne daga fannoni bakwai da Turawan dā suka ɗauka a matsayin tushen ilimi. Huɗu na ƙidaya ne: lissafi, handasa, kiɗa da ilimin taurari. Uku na harshe ne, kuma da su ake farawa: nahawu, balaga da manɗiƙi.

Duk almajirin da ya yi nisa a zaure zai yi murmushi in ya ji waɗannan ukun, domin su ne malamansa ke kira ilimin kayan aiki. Littafin Ahalari da yara ke fara koyon tsarki da salla da shi, mai shi, Abdurrahman Al'akhdari na Aljeriya, shi ne kuma ya tsara Sullam, waƙar da aka fi koyon manɗiƙi da ita a Afirka ta Yamma. Shaihu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci ya yi da Imam Suyuɗi na Masar a kan halaccin manɗiƙi, Suyuɗi na hanawa, Magili na karewa. A Salame kuma, arewa da Sakkwato, jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya riƙe makaranta ya kuma yi rubutu a kan falsafa da sunanta, bai ɓoye ba.

Aikin malamin falsafa ba shi da armashi ga mai kallo daga waje. Shekara da shekaru ana maimaita darasi ɗaya ga sababbin fuskoki, ana gyara takardun jarrabawa, ana fama da yajin aiki da ɗaukewar wuta. Abin da ke wanzuwa shi ne ɗalibai da littattafai. Kenny ya rubuta tarihin cocin Katolika a Afirka daga 1445 zuwa 1850. Ya rubuta yadda Musulunci ya yaɗu daga Afirka ta Arewa zuwa ta Yamma. A 2003 ya fitar da littafi kan falsafar duniyar Musulmi, inda ya bi Alkindi da Farabi da Ibn Sina da Ibn Rushd, mas'ala bayan mas'ala, yana auna maganarsu da ta Akwinas.

Wanda ya fi kusa da zaure shi ne fassarar Risala. Ya ɗauki littafin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda kowane ɗalibin fiƙihun Malikiyya ke bi bayan Ishmawi da Iziyya, ya mayar da shi Turanci da bayanai. Waɗanda suka buga shi a 1992 ba 'yan coci ba ne. Cibiyar ilimin Musulunci ta Minna ce, wadda Sheikh Ahmed Lemu da Hajiya Aisha Lemu suka jagoranta. Fassarar fada, bugun malaman da'awa.

Wannan ba ya nufin an zama ɗaya. Kenny bai bar addininsa ba, bai kuma ɓoye inda yake ganin hujjar wani malamin Musulmi ta yi rauni ba. Musulmi da dama na ɗari-ɗari da duk Baturen da ya zurfafa a littattafansu, suna tambayar me yake nema, musamman in limamin coci ne. Tarihin 'yan mishan da na masu binciken Gabas ya ba su dalilin yin hakan. Abin da ba a iya ƙwace masa shi ne ya karanta littattafan da harshensu, ya kawo hujjar abokin muhawara yadda mai ita zai gane ta, kafin ya ce uffan. Wannan ma salon Akwinas ne: kowace mas'ala a Summa da hujjojin masu saɓa masa take farawa, sai ya jero su tukuna ya ba da amsa. Bai kuma zama shi kaɗai a ƙungiyarsa ba. A Alƙahira, Fada Georges Anawati, Bamisire ɗan Dominikan, yana cikin waɗanda suka yi aikin tace babban littafin Ibn Sina, Asshifa, aka buga shi.

A shekarunsa na ƙarshe Kenny ya koma ga kwamfuta. Ya tattara littattafan Akwinas ya ɗora a intanet, Latin a hagu, Turanci a dama, kyauta ga kowa, kuma har yau ɗalibai a ƙasashe da yawa da wannan aiki suke amfani. Ya rasu ranar 28 ga Janairun 2013, ranar da cocin Katolika ke tunawa da Toma Akwinas kowace shekara.

Darasi ɗaya, aji biyu

Yau ɗan Sanyinna da ya sami gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko likitanci ya je karantawa ko aikin gona, zai haɗu da darasin falsafa da manɗiƙi a cikin kwasa-kwasan gama-gari da aka wajabta wa ɗaliban jami'o'in Najeriya. Ɗaruruwa ake tarawa a babban ɗaki, malami na magana da lasifika, na baya ba sa ji sosai. Za a rubuta misalin nan da ya zagaye duniya a allo: kowane mutum mai mutuwa ne, Sokratis mutum ne, saboda haka Sokratis mai mutuwa ne. Yawanci haddacewa ake yi don a tsallake jarrabawa, a fita ana cewa karatun Turawa ne, wasu ma na gargaɗin juna kada ya taɓa musu imani.

In yaron ya dawo hutu ya zauna a zauren kakansa da asuba, zai iya jin an ja wani misalin da Larabci ana mayarwa da Hausa: duniya mai canzawa ce, duk mai canzawa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce. Jimla biyu, sakamako ɗaya, kalma guda a tsakiya tana ɗaure su. Malam zai kira ta farkon ƙaramar gabatarwa, ta biyun babbar gabatarwa, abin da ya fito kuma natija. Sai ya rufe littafin, ya yi addu'a, a shafa, tela ya tafi buɗe shago, malamin firamare ya ta da babur.